Motar yanke ciyawa John Deere S130 a filayen Kaduna: aikinta na kyau, amma ba ta yafe ganganci

Daga ruwan farko na watan Mayu har zuwa Oktoba, duk mai kula da babban fili a Kaduna ya san ciyawa ba ta jira. A watan Agusta ka yanke yau, bayan kwana goma ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Shi ya sa makarantu, otal-otal, wuraren taron biki da manyan gidajen Unguwar Rimi da Malali suka fara barin langalanga suna komawa motar yanke ciyawa irin wadda ake hawa. Daga cikin waɗanda ake shigowa da su akwai S130 ta kamfanin John Deere na Amurka, ita ce kuma za mu duba.

Injinta na fetur ne mai silinda biyu, ƙarfin doki 22. A ƙarƙashin cikinta akwai kasko mai wuƙaƙe biyu da ke yanke faɗin inci 42 a tafiya ɗaya, wato mita ɗaya da ɗan ɗori. Ana ɗaga kaskon ko a sauke shi tsakanin inci 1 zuwa 4. Tankinta na cin kusan lita 9. Babu kulochi babu canjin giya: feda biyu ne a ƙafar dama, ɗaya gaba ɗaya baya, iya takawarka iya gudunta. Idan aka tafi da ita a tsanake, kamar kilomita 5 a awa, tana share wajen eka ɗaya cikin awa guda, filin ƙwallo kuma bai kai ta awa biyu ba. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna wa mai fuloti ɗaya na ƙafa 50 da 100 cewa ba tasa ba ce. Kuɗinsa zai zuba a banza, ƙaramin injin turawa ya ishe shi.

A shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawar ƙiri-ƙiri, yankanta sumul yake, sitiyarin ba nauyi, tana zagaye bishiyar mangwaro ba tare da an yi ta kai-komo ba. Inda take gazawa shi ne filin da aka bari tofa da gamba suka kai gwiwa. Ba don irin wannan aka ƙera ta ba. Kaskon zai toshe, bel ya yi ta zamewa har ka ji ƙaurin roba. Irin wannan fili sai an fara bin sa da adda, sannan a shiga da motar kasko a sama can, bayan kwana biyu a sauke a sake bi. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka ɗaya. Kuma duk da kamarta da tarakta, ba ta noma ba ce. Giyarta da mai take aiki, zafi ne ke kashe ta, don haka jan kura cike da yashi ko bulo zai gama da ita da wuri.

Abin da ya fi muhimmanci a filayenmu shi ne abin da ke ɓoye cikin ciyawa. Bakin wuƙar irin waɗannan motoci na gudun da ya haura kilomita 300 a awa. Tsakuwar marmara ɗaya ta shiga kaskon, da ƙarfin harsashi take fita, ta fasa gilashin mota ko idon wanda ke tsaye nesa. Kafin a tayar da inji sai an taka filin da ƙafa an tsince duwatsu, kwalabe, guntun rodi da magina suka bari, wayar ɗaure, tiyon ban-ruwa, da turakun da masu kafa rumfar biki ke mantawa. Suri kuma a fasa shi da diga a baje, don wuƙa in ta dake shi tana iya lanƙwashewa, ko ta fasa mazaunin sandar da take juyawa a kai. A sa alama a kan murfin sokawe da bakin tsohuwar rijiya. Motar kaɗai ta kai kusan kilo 200, ga nauyin direba, ba kowane sulab ne zai ɗauka ba.

Ciyawar tana fita ne ta gefen dama, inda aka sa murfin roba mai maida ita ƙasa. Da yawa suna ɗaure murfin nan sama da igiya wai don kada ya toshe. Wannan kuskure ne babba, domin shi ne kaɗai tsakanin tsakuwa da jama'a. A bar shi yadda yake, a kuma tsara tafiya ta yadda gefen dama ba zai fuskanci taga, titi ko inda mutane ke zaune ba.

Akwai na'urorin tsaro biyu da suka cancanci yabo a motar nan, kuma su ne aka fi lalatawa. Na farko makunni ne a ƙarƙashin kujera: direba ya tashi wuƙa na juyawa, injin ya mutu. Na biyu na komawa baya ne: in ka taka fedar baya wuƙaƙe na aiki ba ka danna maɓallin da aka tanada ba, sai su tsaya. Idan ɗayansu ya fara ba da matsala, abin da bakanike zai fara cewa shi ne, "Alhaji, bari kawai in haɗa wayar kai tsaye." Kada a yarda. Makunnin kujera ba shi da tsada, kuma sau da yawa ma ba shi ne ya lalace ba, ƙura ce ko tsatsa a bakin soket. Gwajinsa ba wuya: a fili sarari, inji na aiki wuƙa na juyawa, ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera. In bai mutu nan take ba, a ajiye motar sai an gyara.

Dalilin maɓallin baya kuwa yara ne. Ƙarar inji ba ta barin direba ya ji kiran kowa, yaro kuma bin motar yake a guje don sha'awa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan mota, kuma kada a ɗauki kowa a kanta. Har da ɗora ɗan autan gida a cinya a zaga da shi wuƙa a kashe, domin gobe zai rugo da gudu neman a sake, lokacin da wuƙa ke aiki. A makaranta, a yi yanka ranar Asabar ko bayan an tashi. A gida, a sa babba ɗaya ya riƙe yara a ciki har a gama.

Gangara ita ce ke kifar da ita. Littattafan irin waɗannan motoci ba sa yarda a wuce digiri 15, wasu ma ƙasa da haka suke tsayawa. A sauƙaƙe, in ƙasa ta tashi mita 1 cikin tafiyar mita 4, an kai iyaka. Ana hawa ne a sauko a miƙe, ba a bin gangara a karkace, ba a kuma juyawa a tsakiyarta. Masu filaye wajen bakin Kogin Kaduna su kula da gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa: sama ciyawa lub-lub, ƙasa rami. Bakin lambatu ma a bar tazarar faɗin motar, ragowar a bi da hannu. Da safe bayan ruwan dare tayoyin baya santsi suke yi, jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma dunƙulewa take a kasko, gara a jira rana ta ɗaga.

Direba ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, da tabarau da abin toshe kunne. Babbar riga da rawani mai jela a ajiye su, bel ba ya tambaya.

Wajen kulawa, abu na farko da ake ɓatawa shi ne iskar taya. Mai faci ya saba da mota, zai buga 30 ko fiye a ma'aunin iska na PSI. Wannan kuwa 14 ce a gaba, 10 a baya. In ta yi yawa motar ta riƙa tsalle, in ɗaya ta fi ɗaya kaskon ya karkace, yankan ya fito hawa-hawa. Bayan an daidaita iska sai a auna wuƙa a kan siminti: dama da hagu daidai, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Ana canza baƙin mai duk awa 50 na aiki. A nan akwai abin lura: S130 na zuwa da wata matata ta musamman mai ɗauke da sabon mai a cikinta, a murɗe tsohuwa a ɗaura sabuwa, shi ke nan. Akwai sauƙi, amma ba irin matatar mota ba ce da za a maye gurbinta da kowace. Mai saye ya nemi a haɗo masa da guda biyu ko uku, da bel na kasko, wuƙaƙe biyu da matatar iska, tun ranar ciniki. Matatar iskar nan a riƙa dubawa duk awa 25, a ƙarshen damina da ƙasa ta fara bushewa ma fiye da haka.

Fetur a saya a gidan mai. Na 'yan bumburutu sau da yawa da ruwa ko datti, kafireto kuma ƙofofinsa kamar bakin allura suke. Ba a zuba mai inji na da zafi, ba a kuma tayar da ita a rufaffen gareji, a cikin hayaƙin akwai iska mai guba marar wari da ke kisa.

In za a taɓa wuƙa, a ja birki, a zare makulli, a cire wayoyin fulogi duka biyun, a sa safar hannu, a tokare wuƙar da guntun katako kafin a kwance. Bayan wasawa a rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya: gefen da ya rinjaya a ƙara rage shi, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris. Wadda ta lanƙwashe ko ta tsage kuwa, kada a kai ta wurin maƙeran kasuwar Panteka a miƙe ko a yi mata walda, sabuwa za a sa.

Daga Nuwamba aiki ya ƙare sai wata daminar, kuma a zaman nan ne motoci da yawa ke mutuwa. Fetur ya wuce wata guda a tanki sai ya fara danƙo, don haka a ƙarar da shi har injin ya mutu da kansa. A kankare busasshiyar ciyawar da ta manne a kasko da kewayen salansa, ita ce ke kama wuta. A sa giris a wuraren da aka tanada, a cire batir, wayar baƙa da farko, a riƙa yi masa caji wata-wata. A rufe motar da tamfol saboda ƙurar hunturu, kafin a tayar da ita a watan Afrilu kuma a ɗaga murfin inji a duba, don ɓera na son yin sheƙa a saman silinda.