Teburinku da teburinsu: abinci daban, tarba daban

'Yar uwa kin tambaya ko wulaƙanci aka yi muku a gidan abincin 'yan China ɗin nan, tunda naku ya zo sai zaƙi da maiƙo ba armashi, su kuwa 'yan Chinan da ke kusa da ku an cika musu tebur da abubuwan da ko a menu ba ki gani ba, ga shi bayanku suka zo amma aka riga sallamarsu. Ni a ganina abu biyu ne nan, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Abinci tukuna. Gidaje da yawa menu biyu gare su, na baƙi da wanda aka rubuta da Sinanci. Naku shi ne mai soyayyar shinkafa da kaza cikin miyar zaƙi da tsami, girkin da aka daidaita da bakin Turawa. Kazar General Tso ma, wani sanannen girki a irin wannan menu, wani kuku ɗan lardin Hunan na China, Peng Chang-kuei, ya ƙirƙiro ta a Taiwan a shekarun 1950, sai da ta shiga New York a shekarun 1970 ta koma mai sukari haka. Nasu kuwa kifi ne da aka turara da citta da lawashi, ganye da aka ɗan soya da tafarnuwa yana nan kore shar, da tofu, wato awara, irin na lardin Sichuan mai yajin nan da ke kashe leɓe har ki ji kamar ba naki ba. Kuma su a tsakiya ake ajiye komai kowa ya ɗiba, shi ya sa teburinsu ke cika yayin da ku kowa yana fama da faranti ɗaya. Wannan gaskiya ban kira shi wulaƙanci ba, zato suka yi ba za ku iya cin nasu ba, duk da dai kamata ya yi su tambaya. Amma fa in za ki gwada ki bincika, naman alade da giyar girki ta Shaoxing suna shiga abincinsu sosai.

Tarbar ce ta ɓata min rai wallahi. Na yarda yare ɗaya yana sa oda ta yi sauri, ba sai an tsaya bayani ba. To amma yare ne ya hana a kawo muku ruwa? Su an ajiye musu butar shayi tun kafin su gama zama, ana ta leƙowa ana ƙara musu, ku kuna ɗaga hannu ma'aikaciya tana kawar da kai, sai da aka zo karɓar kuɗi aka tuna da ku. Haba! Kuɗinku da nasu ai ɗaya ne, wannan fifiko ne ƙarara.

In abincin ne kawai zan ce ki koma, ki nuna farantin maƙwabta ki ce irinsa kike so. Tunda har da tarbar, ki nemi manaja ki faɗa masa abin da ya faru dalla-dalla, in ya yi miki ko-in-kula ki canja gida.