Gargaɗi ga masu tara takubba a Kumasi da Akara: sidi 7,400 na biya, sandar da aka yi wa walda na tarar a cikin ƙota

Assalamu alaikum jama'ar Zango, musamman masu tara takubba da masu hawan doki ranar Sallah. Ku karanta wannan kafin wani ya sake tura kuɗinsa. Akwai wani mutum da ke tallan takubba a Facebook da WhatsApp, yana cewa shagonsa na unguwar Nima a Akara, wai kayansa na aiki ne, ba na ratayawa a bango ba, kuma da sauƙin kuɗi. Maƙaryaci ne, macuci. Sidi 7,400 ya karɓa a hannuna kan takubba uku, biyu irin namu na Hausa da Abzinawa, ɗaya katana irin ta Japan, kuma a cikin ukun babu wanda mai hankali zai yarda ya zare a gaban mutane. Sidi 7,400. Hotunan hirarmu da rasit na MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da sunan shafinsa duk suna hannuna, zan ɗora su a ƙasa da zarar na gama rufe lambata a ciki.

Masu shirin cewa ganin araha ya ruɗe ni, ku dakata. Farashin bai fita hankali ba. Takubban namu sidi 2,000 kowanne, katana 2,200, ragowar 1,200 ƙari ne da ya ɗora daga baya. Duk wanda ke bin wannan harka ya san maƙeran garin Longquan na ƙasar Sin suna fitar da takubba masu kyau na ƙarfe mai kabon da ake kira 1060 a ƙasa da dala 200. Da ya ce mini sidi 400 ne da tuni na wuce abina. Kuma ban saya da hoto ba. Na ce sai mun yi kiran bidiyo, muka yi, ranar Alhamis bayan la'asar. Na ce ya kwance ƙotar katanar, ya ɗauko ƙaramar guduma ya fitar da turakun gora biyu, ƙota ta zame, na ga wutsiyar ƙarfen da faɗinta, jiki ɗaya da ruwan takobin, babu walda ko ɗigo. Na ce ya matse takobin namu a matsi ya lanƙwasa, ya lanƙwasa, ya saki, takobi ya koma sak. Ya goga magagari a kaifi, na ji ƙarar zamewarsa, alamar ƙarfen ya yi tauri. Ya sare gorar ruwa. Me kuma mai sanin takobi zai nema bayan wannan? Sai ya dubi kyamara ya ce, "Alhaji, tsakanina da kai sai Allah, naka irin wannan ne sak, wannan samfur ne, sauran suna kwantena a Tema." Wannan maganar ce nake ta juyawa a raina har yau. Samfur ne. Ya faɗa da bakinsa, a kunnena, kuma ban tsaya a kanta ba saboda abin da idona ya gama gani na gaskiya ne. Takubban bidiyon na ƙwarai ne, ba na shakka. Ba su aka aiko ba.

Bari in fara da abin da ke iya kashe mutum, wato cikin ƙota. Takobi na aiki, wutsiyar da ke shiga cikin ƙota ci gaban ruwan takobin ne, ƙarfe ɗaya aka ƙera. Tana fitowa da faɗi daga kafaɗa, tana rage faɗi a hankali, ta ratsa makarin hannu, ta ratsa itacen riƙo, ta fito ta dunƙulen ƙarshe, a daddake kanta da guduma ya baje ya kulle komai. Kafaɗun nan biyu, inda ruwa ya koma wutsiya, ana barinsu da ɗan lanƙwasa, domin kusurwa mai tsini nan tsagewa ke farawa. Na wannan macucin fa? Dunƙulen ƙarshe da hannu na murɗa shi ya fita, sai ga noti. Na cire itacen, sai ga wutsiyar gaskiya ba ta wuce santimita 3 ba, daga nan an yi mata walda da siririyar sanda mai zare, kaurinta milimita 6, irin wadda ake saya a shagon kayan gini. Waldar ma ɗigo biyu ce, da ramuka a ciki. Zafin walda yana ɓata ƙarfe daidai inda ya taɓa, kuma nan ne wurin da duk nauyin sara ke taruwa. Ba sai ka sari komai ba. Ka kaɗa shi da ƙarfi a iska ka tsayar da hannu, waldar na iya ɓallewa, ƙota ta rage a hannunka, ruwan takobi mai santimita 80 ya tafi inda ya ga dama. Ku tuna yadda yara ke cika gefen hanya ranar hawa, mahayi ya zare takobi yana jinjina. Wannan shi ne abin da ya hana ni yin shiru, ba kuɗin kaɗai ba, ko da yake 7,400 ba kuɗin da ake tsinta a ƙasa ba ne.

Na biyu shi ne ƙarfen. Ya rubuta mini 1060, yana nan a hira. Ma'anar lambar ita ce kabon ɗin da ke cikin ƙarfen ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100, wanda ya isa ya yi tauri idan aka gasa shi ya yi ja, aka tsoma a mai, sannan aka sake ɗumama shi a wuta mai sauƙi don kada ya zama mai karyewa kamar kwalba. Na kai takubban namu biyu wurin maƙeri a Magazin na Suame, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi. Na farko magagari ya ci kaifinsa kamar ana gogar ƙusa. Da aka taɓa gindinsa a dutsen giranda, tartsatsin dogaye ne miƙaƙƙu, ba sa fashewa. Ƙarfe mai kabon sosai, irin sifirin mota, tartsatsinsa na fashewa yana rassa kamar taurari. Wannan ƙarfen ƙofa ne kawai, ba a taɓa ba shi wuta ba, kuma ko an ba shi ba zai ɗauka ba. Muka lanƙwasa shi kaɗan, bai kai rabin abin da aka yi a bidiyo ba, ya tsaya a karkace, yana nan a karkace har yanzu. Na biyun kuwa ƙarfe ne marar tsatsa, mai ƙyalli kamar cokali. Irinsa ya yi wa wuƙar kicin, amma a tsawon takobi ba shi da juriya, tsinkewa yake yi. Kada wani ya ce maka ka gwada da mayen ƙarfe, domin marar tsatsa na wuƙaƙe ma yana kamawa. Lemun tsami ne gwajin. Goge mai daga wuri kaɗan kusa da ƙota, ɗiga ruwan lemun, jira minti goma. Ƙarfe mai kabon zai yi tabo mai duhu. Wannan na bar masa lemun har na yi sallar magariba na dawo, ko gezau.

Af, ban faɗi yadda kuɗin suka fita ba. Sidi 3,500 na fara turawa, daren Alhamis ɗin nan, bayan bidiyo. A'a, da safen Juma'a ne, domin sai da ya aiko saƙon murya yana mini barka da Juma'a, har da addu'a ga iyaye. Lambar ta fito da sunan mace, ya ce mai ɗakinsa ce. Bayan kwana tara ya ce kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Tema, kowane mai oda zai ƙara, nawa 1,200, wata lambar kuma, wai ta ejan. A nan na yi gardama, na ce ba haka muka yi ba. Ya ce in ban yarda ba zai mayar mini da 3,500 ɗina a sayar wa wani, mutane na layi. Wanda ya ce zai mayar maka da kuɗinka, ta yaya za ka kira shi ɓarawo? Na tura. Ragowar 2,700 kuma ya ce ba zai ba ni lambar direban da ya ɗauko kayan ba sai sun shiga, lamba ta uku, suna na uku, wai yaron shagonsa. 3,500 da 1,200 da 2,700. Ku haɗa da kanku, 7,400 ne. Sunaye uku, babu nasa ko ɗaya. Yanzu da na jera su a takarda abin a fili yake, amma ba rana ɗaya suka zo ba, kuma kowanne ya zo da dalilinsa, kuma ni a kaina akwai takobin nan da na ga ya lanƙwashe ya miƙe.

Tun a tashar mota ta Asafo a Kumasi, da na ɗaga kwalin, jikina ya ba ni. Nauyin ya yi yawa. Takobin hannu ɗaya na ƙwarai yana tsakanin kilo 1 da kilo 1.3, ko ƙasa da haka ma a irin namu, domin ruwansu ba shi da kauri. Na ɗora na farko a sikeli, kilo 1.9. Dalili shi ne daga faranti aka yanko shi, kaurinsa milimita 5 tun daga gindi har baki, alhali maƙeri na gaske yana rage kauri yayin da yake tafiya wajen tsini. Ka ɗora takobi a kan yatsa ka nemi inda ya daidaita. Ya kamata ya faɗo kusa da makarin hannu, santimita 10 zuwa 15, in ya yi nisa bai wuce taƙi ɗaya ba. Wannan sai a santimita 27. A hannu kamar taɓarya. Kwaruruka ukun da ke bin tsakiyar ruwan takobin namu da giranda aka ja su, suna tafiya a karkace kamar sawun maciji. Tambarin jinjirin wata biyu da ake gani a tsofaffin takubba, har da waɗanda ruwansu ya fito daga Solingen ta Jamus a zamanin da, bugawa ake yi ya nutse cikin ƙarfe. Nasa zane ne a sama, farce ma ba ya tsayawa a ciki. Makarin hannu ya ce tagulla ce, na goga magagari sau biyu sai ga farin ƙarfen zubi a ƙasa, fenti ne kawai. Kube kuwa ya ce itace ne da fatar akuya. Kwali ne aka naɗe da ledar kujerar mota. Na yanki ɗan guntu na sa wa ashana, ya narke yana warin roba.

Katanar ta fi ba ni haushi domin ita ce na ga an kwance a bidiyo. Turakun gora na wannan na ado ne, an manna guntaye a ramin da gam, ba su ratsa komai ba. Ƙotar gaba ɗaya manne take, sai da muka fasa ta, muka tarar da irin sandar nan mai zare. Layin nan mai kama da gajimare da ke bin kaifin katana ta gaske yana fitowa ne saboda an shafe bayan takobin da yumɓu kafin a tsoma shi, kaifi ya yi tauri, baya ya rage da laushi, shi ya sa layin ba ya maimaita kansa. Na wannan kamar haƙoran zarto, kowanne daidai da ɗan'uwansa, da burushin waya aka yi. Takardar yashi mai laushi ta share shi a minti biyu.

Da na aika masa hoton waldar, ya ce ni na lalata kayan da na kwance. Na ce ai kai ma ka kwance a gabana. Ya ce zai yi magana da kamfani. Kafin nan ma, ko bayan nan, na manta, ya ce in mayar da su ta mota zai canja, amma in ƙara 300 na jigila. Ban tura ba. Washegari hotonsa ya ɓace daga WhatsApp ɗina. Na sa ƙanena da ke Mamobi ya je inda ya kwatanta a Nima, ya zagaya layin sau biyu, ya tambayi masu shaguna da mai shayi, babu wanda ya taɓa jin mai sayar da takobi a wurin. Shafin kuwa yana nan, jiya ma ya ɗora bidiyon nan na lanƙwasa takobi, shi dai wannan takobin, na gane shi da wani tabo a fatar ƙotarsa. Mutane na ta tambayar farashi a ƙasa. Na rubuta gargaɗi, cikin minti biyar ya goge ya toshe ni.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da kamfanin layin, na kuma kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta Ghana. Duk wanda ya taɓa tura wa mutumin nan kuɗi ya yi haka shi ma, ya kuma yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗa lambobin, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Ku kuma masu niyyar saye, kada ku biya kuɗin samfur. Takobin da aka kwance a gabanka, shi za ka ɗauka, hannu da hannu, ka tafi da magagari da lemun tsami a aljihu. In sunan MoMo ya saɓa da na mai kaya, tsaya nan. Wanda kuma ya riga ya saya daga gare shi, don Allah kada ya zare shi cikin mutane, kada ya bar yaro ya taɓa, ya murɗa dunƙulen ƙarshen ƙota yau ɗin nan ya duba. Nawa ukun suna Suame, na ce maƙerin ya yanke su gida biyu-biyu bayan 'yan sanda sun gama gani. Hotunan waldar na zuwa da daddare, tare da rasit uku na 7,400.