Hattara da "Dakta" mai shago: "Dr." a kan allo ba shaidar likita ba ce

Jama'a, ku yi hattara da wani salon yaudara da ya shigo unguwanninmu. Mutum zai kama shagon magani, ya rubuta "Dr." a gaban sunansa, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya ja labule a lungu ya ajiye gado ɗaya. Kafin wata biyu kowa "Dakta" yake ce masa.

Innata ce ta faɗa hannun irin wannan. Zazzaɓi ya kama ta, bai ɗebi jini ba, bai gwada komai ba, ya ce taifod ce da maleriya. Ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya yi ta soka mata allurai har kwana uku, kullum da kuɗinsa. Ranar ta huɗu ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ragu. Da muka garzaya asibiti, likitar ta tambayi sunan allurar, ba wanda ya sani, don ko a takarda bai rubuta ba. Har yau abin yana ci mini rai.

"Dr." laƙabi ne kawai. Malamin jami'a mai digirin PhD a tarihi ma yana rubuta shi, haƙƙinsa ne, amma ba ya duba marar lafiya. Likita kuwa sana'a ce mai sharuɗɗa: shekara 6 yana karatun digirin likitanci na MBBS a jami'a irin ABU Zariya ko Bayero, ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya ta yi masa cikakkiyar rajista, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Mai kemis lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, daga hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magunguna, ba na yin allura ko ƙarin ruwa ba. Ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW kuma, Allah ya saka musu, suna riƙe da ƙananan asibitocinmu, kuma na kirkinsu ba sa kiran kansu likitoci.

Kafin ka miƙa hannun mahaifiyarka, ka nemi ganin lasisinsa na bana da lambar rajistarsa ta MDCN. Likita na gaskiya ba ya ɓata rai don an tambaye shi. Namu da na tambaye shi, cewa ya yi takardun suna gida. Inna tana samun sauƙi, shi kuma har jiya labulensa a sake yake, da wata baiwar Allah kwance a kan gadon.