Sharhi kan kwale-kwalen nutso na Stromness a Scapa Flow

Masu kai mutane nutso daga garin Stromness, a tsibiran Orkney na Sikotilan, sun san aikinsu. A ƙarƙashin ruwan Scapa Flow, wani mashigin teku da tsibiran suka kewaye, akwai manyan jiragen yaƙin Jamus bakwai, ragowar waɗanda sojojinsu suka nutsar da gangan ranar 21 ga Yuni, 1919.

Yawancin kwale-kwalen suna da injin ɗaga mai nutso daga ruwa, kuma suna cika tukwanen iska a ciki. Nutso biyu ake yi a rana. Cikin jiragen bakwai, a fara da Karlsruhe, a zurfin kusan mita 25. Markgraf kuwa ya kai mita 45, kuma a kife yake, sai ƙwararre.

Sanyi ne babbar matsala. Ko a lokacin zafi ruwan bai cika wuce digiri 13 ba, don haka dole a sa rigar da ruwa ba ya ratsawa. Idan robar wuyanta ta saki, ruwa zai shiga, nutson ya ƙare. A riƙe tocila biyu. Doka ta hana ɗauko komai daga jiragen.

Inda masu kwale-kwalen suka gaza: akasari gurbin mako guda suke sayarwa, gurbin Asabar da Lahadi yana da wuyar samu.