Gargaɗi ga masu ƙaramar tarakta: kada ku yarda da "sai an sauke inji" ido rufe

Manoma masu taraktar hannu mai ƙafa biyu, a yi hattara. Duk lokacin da noman rani ya ƙarato, akwai masu yawo ƙauye-ƙauye da sunan bakanike. Sai su saurari inji na minti biyu, su ce ya gama aiki, sai an sauke shi an kai gareji. In ya dawo, fenti sabo ne, amma famfon gas da nozul da kirankishaf na asali sun tafi, an sa gajiyayyu. Wasu ma injin gaba ɗaya suke musanyawa da wanda aka ciro daga tsohon injin niƙa.

Ku sani, injin gas mai silinda ɗaya irin su S195 da ZS1100 da ZS1115 ba kasafai yake buƙatar saukewa ba. Gasket, bawul, nozul, ringi da fistin duk ana canza su yana zaune a kan firam, domin ana kwance kan silinda ta gaba, a buɗe murfin baya a kai ga kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kirankishaf. Aikin kirankishaf ko tsagewar bulo, wato gangar jikin injin, ne ke wajabta saukewa. Wanda ya ce hayaƙi kawai ya sa zai tafi da injinku, ku tambaye shi me ya gwada.

Idan saukewar ta zama dole, a yi ta a gabanku. A rufe makunnin gas, a zubar da ruwan tankin sama, a juye baƙin mai cikin roba mai tsabta. Ku duba man nan da kyau: ƙyalƙyalin garin ƙarfe na nufin metal, wato boris ɗin da kirankishaf ke juyawa a ciki, ya ci, in kuma ya koma kalar madara, ruwa ne ke shiga. Man da ya fito lafiya dalili ne na yin shakkar mai cewa ciki ya lalace. Sai a sassauta notuna huɗu na gindi, a ja injin baya bel ya saki, a cire bel da wayar totur da ta fitila. Kafin a ɗaga, a tokare hannayen taraktar, domin nauyin injin ne ke riƙe gaba, yana tashi za ta kife ta baya. Injin ya haura kilo 100, don haka sarƙa da ƙaƙƙarfan itace ake sawa, ba a kama bututun gas.

Kafin ya bar gona, ku ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin bulo, ba ta farantin da aka manna ba. Faranti ana cire shi a minti biyar, kuma nan ne babbar damfarar take. Sunan samfurin injin yana nuna faɗin silinda: S195 milimita 95 ne, ZS1115 kuwa 115. Ana manna farantin babba a jikin ƙarami a karɓi kuɗin babba, sai an shiga laka ƙarfi ya gaza. Ku sa kurfi da guduma ku yi alama a fulawil da kan silinda da famfon gas. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa duk abin da aka canza, tsohon zai dawo hannunku.

Ranar karɓa, ku taɓa tankin ruwa tukuna. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don a ɓoye wahalar tashi, ku jira ya huce sarai. Ku juya hannun tayar da inji ba tare da danna sandar sakin iska ba. Inji mai lafiya zai tokare, ba zai wuce ba. Ku murza mai a yatsa, domin ana zuba man giyabos mai kauri don a rufe ƙara da hayaƙi. Idan ya tashi, jar alamar mai da ke kan murfin bawul ta ɗaga nan take, kuma kada a ga kumfa na tasowa a tankin ruwa. Kada ku biya cikon kuɗi sai an ɗora shi, an daidaita fuli da zare, ya yi huɗa na awa guda a gonarku.