Aikin Hukumar FERMA a Ma'aunin Mai Bin Hanya

An kafa hukumar kula da gyaran hanyoyin tarayya, wadda aka fi sani da FERMA, a shekarar 2002, aka ɗora mata nauyin hanyoyin gwamnatin tarayya masu tsawon kimanin kilomita 35,000, haɗe da gadoji da kwalbatocin da ke kansu. Gina sabuwar hanya, ko sake gina wadda ta mutu murus, aikin Ma'aikatar Ayyuka ne. Abin da ke wuyan FERMA shi ne ta hana hanyar da ke da sauran rai kaiwa ga mutuwa, kuma da wannan ya kamata a auna ta, domin jama'a kan ɗora mata laifin jinkirin manyan kwangiloli irin na hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, alhali ba ita ke riƙe da su ba.

Inda hukumar ta taɓa, ana ganin amfaninta. Idan ma'aikatanta suka yanke bakin rami, suka share shi, suka zuba tsakuwa da kwalta sannan suka danne da kyau, direbobi kan daina kauce-kaucen da ke jawo taho-mu-gama, lokacin tafiya kuma ya ragu. Ana yawan ganin wannan himma gab da bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da matafiya suka fi yawa, kuma duk wanda ya san yadda rami ɗaya ke kifar da motar haya cike da fasinjoji ba zai raina faci ba.

Sai dai hukumar tana aiki ne da hannu a ɗaure. Gyaran da aka yi wa dokarta a 2007 ya tanadi a riƙa cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin man fetur da dizal domin gyaran hanyoyi, FERMA ta karɓi kashi 40 na abin da aka tara, hukumomin hanyoyi na jihohi su raba kashi 60. Shekaru suka yi ta wucewa ba a aiwatar da wannan tanadi ba. Kafin nan, a ƙarshen 2003, gwamnatin Obasanjo ta ba da umarnin rushe shingayen karɓar kuɗin hanya. Abin da ya rage wa hukumar shi ne kasafin kuɗin shekara, wanda ba ya isa, kuma sau da yawa ba ya fitowa sai rani, lokacin da ya fi dacewa da aikin kwalta, ya yi nisa. Wajibi ne mai adalci ya faɗi wannan kafin ya yi suka.

Sukata ta shafi yadda ake kashe ɗan abin da ya samu ne. Babu abin da ke cin hanya kamar ruwa. Da zarar ya sami tsaga a jikin kwalta sai ya ratsa zuwa jar ƙasar da aka danne a ƙarƙashi, ya jiƙa ta, ta yi laushi, manyan motoci kuma su murƙushe abin da ke samanta. Hanya tamkar gidan ƙasa ce, wanda mai shi ke yi wa yaɓe da gyaran indararo tun kafin hadari ya haɗu. Yashe magudanar ruwa, buɗe kwalbatin da yashi da leda suka toshe, toshe tsaga tun tana siririya, da gyara kafaɗar hanya domin ruwa ya gangara, ayyuka ne masu arha ƙwarai idan aka kwatanta su da sake shimfiɗa kwalta, amma ba su da kwarjinin da za a ɗauki hotonsu, saboda haka su ake fara jinginewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Sakamakonsa shi ne facin da aka yi a watan Disamba a wurin da ruwa ke kwanciya ya ɓare kafin Agusta, a sake biyan kuɗin rami ɗaya shekara bayan shekara.

Lamarin gadoji ya fi tayar da hankali, domin rami yana rage gudu ne, gada kuwa idan ta faɗi ta raba yanki da yanki. A daminar 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, wadda kayan Arewa ke bi zuwa Legas. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi, a watan kuma gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta rufta, mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Ba kowace ambaliya ake iya tarewa ba, amma zaizayar da ruwa ke yi a gindin ginshiƙai da bakin gada abu ne da injiniya zai gani idan yana zagayawa a kan kari, kuma tare ta da duwatsu da kankare bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar gada ba.

Akwai kuma nauyin kaya. Gwajin hanyoyi da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan jerin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. A ƙasar da siminti da mai da hatsi da shanu duk ke tafiya a tirela da tanka saboda raunin jirgin ƙasa, gyaran da babu sikelin awon motoci a bayansa asarar dukiya ce. Wannan ya fi ƙarfin FERMA ita kaɗai, amma ita ta fi cancantar ta dage a kansa, tunda aikinta ake rusawa.

A ganina aikin hukumar na gaggawa ya cancanci yabo, na rigakafi kuwa yana da rauni sosai. Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: kowane ofishinta na jiha ya riƙa bayyana wa jama'a, kafin watan Mayu, jerin gadoji da kwalbatocin da ya duba, da waɗanda ya samu cikin haɗari, da ranar da zai fara aiki a kansu, domin ƙungiyoyin direbobi da masu unguwannin garuruwan da ke bakin hanya su san abin da za su bibiya.