Murjani da kifin teku a falo: abin da ake samu a Jamus da abin da Gombe za ta iya ɗauka

Hamma, barkanku da warhaka, da fatan iyali suna lafiya. Kun tambayi labarin tankin gilashin nan na ruwan gishiri da ake kiwon murjani da kifayen teku a ciki, ko zai zauna a falonku na Tumfure, da kuma abin da za a taho muku da shi daga nan Jamus. Kayan da ake sawa a jaka ba su ne wahalar ba. Abin da ya riƙe kiwon nan a Jamus shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa mai tsabta, da saƙon da ke kwana ɗaya ya iso, kuma duk cikinsu babu mai shiga jaka.

Murjani dabba ce, amma yawancin abincinsa yana fitowa daga wasu ƙananan tsirrai da ke zaune cikin namansa suna cin haske. Shi ya sa ba ya yafe sauyi. Gishirin ruwa ya tsaya a giram 35 cikin kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Zafi digiri 24 zuwa 26. Kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam kusan 1,300, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami) 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, amoniya kuwa, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, sifili. A nan kayan gwaji irin na Salifert suna kowane shagon kifin teku. Akwai ma kamfanoni irin Triton da ATI da ake aika wa ruwan tanki a ɗan kwalba ta gidan waya, su auna sinadarai fiye da talatin su turo sakamako ta intanet. A gida sai dai ƙananan kayan gwajin, kuma a duba ranar lalacewarsu, domin zafi yana kashe su da wuri.

Gishirin miya ba ya yi, haka kanwa. Ana amfani da haɗaɗɗen gishiri na musamman irin na Tropic Marin, Red Sea ko Instant Ocean, wanda ke ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran teku. A nan ne lissafi ke fara ciwo. Tanki mai lita 200 zai ci kusan kilo 7 a zubin farko. Ana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, lita 20 ke nan, gishiri giram 700 da 'yan kai. A shekara abin ya doshi kilo 40, alhali jakar matafiyi a jirgi yawanci kilo 23 ce. A Jamus bokitin kilo 20 ko 25 har ƙofar gida ake kawowa. Ku kuwa sai kun samu dillali tabbatacce a Legas ko Abuja kafin a zuba ko da lita ɗaya. A riƙa rufe bokitin gam. In damina ta shige shi ya dunƙule, haɗin ya ɓaci.

Ruwan famfo, ko daga Dadin Kowa yake ko na bohol, ba ya shiga tanki kai tsaye. Ko a nan da ake shan na famfo hankali kwance, masu murjani tace shi suke yi da matatar RO da ta DI, masu cire sinadaran da suka narke a ruwa, har ma'aunin TDS da ke auna yawan sinadaran ya nuna sifili. In ba haka ba, fosfet da silika za su haifar da gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Matatar ƙarama ce, tana shiga jaka, amma tana son ruwa mai ƙarfi; tankin sama ba zai tura ta ba sai an ƙara mata ƙaramin famfo, kuma kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da uku zuwa huɗu. Wasu masu sana'ar fiya wata suna da injin RO, ana iya saye a wajensu, amma a auna kowace jarka. Kada ruwan ya bi ta kan famfon tagulla: jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande.

Zafi shi ne babbar magana. Bajamushe hita yake saye, ku injin sanyaya ruwa za ku saya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke taɓa digiri 40, ruwan tanki a ɗakin da ba esi zai haura 30. Daga nan murjani yana korar tsirran jikinsa, ya yi fari fat, in abin ya ɗore ya mutu. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri 2 zuwa 3, ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, amma tana shanye lita 3 ko fiye a yini. Ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan, saboda haka da ruwan RO zalla ake cikawa, kullum. Wanda ya cika da ruwan gishiri yana ƙara masa ɗaci ne bai sani ba. Ƙaramar hita ma a ajiye saboda daren hunturu, a kuma yi wa tankin murfin raga mai laushi, domin ƙura da kifin da ke tsalle.

Sai wuta. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. In famfuna suka tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi zai fara haki a saman ruwa. Famfon da ke mayar da ruwa, da mai kaɗa igiya, da injin kumfa mai tsame datti, gaba ɗaya kusan wat 50 suke ci a tanki mai lita 200. Sa'a 12 na dare zai cinye rabin batir mai volt 12 da 100Ah, kuma batirin ruwa bai kamata a sauke shi ƙasa da rabi ba. Fitila tana iya hutawa kwana biyu ba a yi asara ba, famfo ba ya hutawa. Don haka a ware wa famfuna inbata da batir nasu daban, kada su yi tarayya da firij da talabijin. A wannan fannin kun fi mu da abu ɗaya, ranar Gombe tana cika batir, mu kuwa kuɗin wuta ne ke sa wasu rage girman tanki. Wutar Jamus volt 230 ce kamar ta Najeriya, don haka kayan Tunze ko Eheim za su yi aiki da zarar an sauya kan fulogi. Na Amurka masu volt 120 ku bar su inda suke. Garantin shekara biyu da doka ta ba mai saye a Turai kuwa, wa zai mayar da famfo daga Gombe? A sayi biyu-biyu na duk abin da ke juyawa.

Gilashi da ƙafar tanki bai kamata a ɗauko su daga waje ba. Mai gilashi a gida zai haɗa santimita 100 da 45 da 45 da gilashi mai kaurin milimita 8 zuwa 10, muddin silikon ɗin ba mai maganin funfuna ba ne, domin shi guba ne. Mai walda ya yi ƙafar da za ta ɗauki kilo 300, a shafe ta da fenti sosai saboda tsatsa. Dutsen Bauchi ba shi da ramukan da ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwa ke zama. Ana iya yin na hannu: siminti kashi ɗaya, niƙaƙƙen ɓawon kawa irin na masu abincin kaji kashi huɗu zuwa biyar, a jiƙa shi cikin ruwa ana sauyawa na tsawon makonni har ƙarfin simintin ya fita.

Bayan an zuba ruwa sai a jira mako huɗu zuwa shida, har bakteriyar ta yawaita, amoniya da naitirait, waɗanda guba ne ga kifi, su koma sifili. Masu kiwon tarwada sun san warin amoniya, bambancin kawai kifin teku ba shi da juriyar tarwada.

Dabbobin su ne inda tazarar ta fi faɗi. A Jamus ana oda yau, gobe da safe kwalin soso ya iso, kuma masu kiwo suna sayar wa juna yankakkun rassan murjani da suka girma a tankunansu. Zuwa Gombe sai an sauka Legas ko Abuja, kowace sa'a a cikin leda tana ƙara amoniya. Murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda, ga kuma izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai. Shawarata a fara da kifin nan mai ruwan lemo da farin zane, wanda ake kira clownfish, guda biyu, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki, sannan murjani mai laushi irin mai kamar laimar kwaɗo. Masu rassa irin Acropora sai tanki ya shekara bai yi tangarɗa ba.

Kowane sabon kifi ya yi wata guda a ƙaramin tanki daban. Ciwon fararen ɗige-ɗige in ya shiga babban tanki, maganinsa na jan ƙarfe ne, ba ya haɗuwa da murjani, sai an kwashe kifayen an bar tankin ba kifi fiye da wata biyu. Kuma ku gaya wa Adda, maganin sauro na feshi ko na ƙonawa, har da turaren wuta, ba a yin su a ɗakin da tankin yake, domin injin kumfa iskar ɗakin yake zuƙa ya cusa cikin ruwa.